Tambayoyinku: Daga ranar isowa zuwa samun gindin zama

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda ake tallafa wa ɗan gudun hijira ko mai neman mafaka, tun daga ranar da ya sauka a ƙasar da ba tasa ba har ya tsaya da ƙafarsa. Wasu daga masu aikin suka fito, wasu daga waɗanda abin ya shafa. Mun cire sunaye da garuruwa, domin a wannan harka bayyana sunan mutum kaɗai kan iya jefa danginsa da ya baro cikin haɗari. Dokokin mafaka sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma ana yawan sauya su, don haka duk wa'adin da muka ambata a tabbatar da shi a bakin lauya ko hukumar ƙasar da ake ciki.

Tambaya: Wata biyu ke nan da na fara aiki da wata ƙungiyar agaji. An miƙa mini iyalai aka ce in rubuta wa kowannensu tsarin tallafi. Kowane iyali da buƙatu sun fi goma, na rasa ta inda zan fara.
Daga wata sabuwar ma'aikaciya

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara da takardar da ke hannun mutum, domin ita ce za ta faɗa miki abin da doka ta ba shi da abin da ta hana shi. Mutanen da za su zauna a gabanki galibi kashi uku ne. Akwai mai neman mafaka, wanda ya shigar da buƙata amma ba a yanke hukunci ba tukuna. Akwai wanda aka riga aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira. Akwai kuma wanda aka ɗauko daga ƙasar da ya fara fakewa aka sake tsugunar da shi a ƙasa ta uku, ya iso da izinin zamansa a hannu. Ana iya samun su ukun a ɗaki ɗaya, ƙasarsu ɗaya, yarensu ɗaya, amma wani yana da izinin aiki wani ba shi da shi, wani zai iya kawo iyalinsa wani sai ya jira shekaru. Ma'aikacin da bai bambance su ba zai tura mutum neman aikin da doka ta hana shi, ya jawo masa matsalar da za ta taɓa shari'arsa. A Birtaniya, misali, mai neman mafaka ba ya aiki sai ya yi wata 12 yana jiran hukunci, sannan ma a wasu sana'o'i ƙididdigaggu. A Kanada yana iya neman izinin aiki yana cikin jira. Yuganda kuwa, da dokarta ta 2006, ta bai wa 'yan gudun hijira damar aiki da zirga-zirga.

Bayan matsayi, sai ki zare duk wata ranar da ke cikin takardun, ki rubuta su a shafin farko na fayil: ranar ƙarewar katin shaida, ranar ganawa da hukuma, ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara, ranar da tallafin kuɗi ko masauki zai tsaya. Mun nanata wannan ne domin yawancin asarar da ake yi a aikin nan daga wuce wa'adi take zuwa. Yunwa ana ganinta a fuska, a yi maganinta nan take. Wa'adi kuwa ba ya ƙara, yana kwance a cikin ambulan da ba wanda ya iya karantawa, ranar da aka farga ƙofa ta rufe.

Sai zaman tantance buƙatu. Kada ki yi shi a zama ɗaya, kuma kada ki fara da tambayar abin da ya koro mutum daga gida. Wannan labarin na lauya ne da jami'in da zai yanke hukunci. Ke abin da kike buƙata shi ne halin da ake ciki yau: ina aka kwana jiya, akwai mai shan magani kullum kuma saura na kwana nawa, akwai mai juna biyu, akwai yaron da ba ya tare da iyayensa, akwai wanda yake tsoron wani a cikin gidan. Waɗannan su ne na gaggawa, ana warware su cikin kwana ɗaya zuwa uku. Mai ciwon suga ko farfaɗiya ko mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka, idan maganinsa ya yanke, komai na iya lalacewa cikin mako guda. Idan kuma aka gaya miki an yi wa wani fyaɗe kwanan nan, ki bar duk abin da kike yi: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120.

Ki ga kowane baligi shi kaɗai, ko da na minti goma ne. Idan maigida ne kawai ya yi magana da yawun kowa, buƙatun matarsa da na 'yarsa budurwa da na tsohuwar da ke gefe ba za su shiga takarda ba.

Shi tsarin kansa bai kamata ya wuce shafi biyu ba. Kowane layi ya ɗauki abu huɗu: me ake so a cimma, wa zai yi, zuwa yaushe, da yadda za a san an yi. "Inganta lafiyar iyali" ba tsari ba ne, fata ne. Tsari shi ne: "Uwa za ta kai yara biyu rigakafi ranar Talata, ma'aikaciya za ta nemo tafinta kafin Litinin, shaida ita ce katin rigakafi." Ki raba shi zango uku: makon farko, wata ukun farko, da shekarar farko. Makon farko na tsaro ne da magani da wurin kwana da layin waya. Wata ukun farko na rajistar asibiti, sa yara makaranta, buɗe asusun banki, fara ajin harshe, da koyon hawa motar haya ba tare da rakiya ba. Shekarar farko ta aiki ce da gida na dindindin da haɗa iyali. Ƙasashen da ke karɓar waɗanda aka sake tsugunarwa ma haka suke yanka lokaci: tsarin karɓa na Amurka an gina shi a kan kwana 90 na farko, Kanada kuma tana ɗaukar nauyin waɗanda gwamnati ta kawo har zuwa wata 12.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe da shi: kada ki rubuta tsarin ke kaɗai a ofis ki kawo a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kina iya ganin ajin harshe ne kan gaba, alhali matar da ke gabanki ba ta barci saboda ba ta san inda ɗanta yake ba. Muddin ba a sa neman yaron a layin farko ba, ba za ta zauna a aji ba, ke kuma ki rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai. Ki tambaye ta abu uku da suka fi damunta, ki sa aƙalla ɗaya a sama, ki ba ta kwafin tsarin da yaren da take fahimta. Idan ba ta karatu, a karanta mata a ɗauka a wayarta.

Tambaya: An sa mini ranar ganawa da hukumar mafaka. Ba na iya tuna ranakun da abubuwa suka faru daidai. Wani ya ce labarina ba shi da ƙarfi, zai rubuta mini wanda ake karɓa in biya shi. Me kuke gani?
Daga wani mai neman mafaka

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka saya. Jami'an da ke wannan ganawa suna sauraron ɗaruruwan mutane, kuma labarin da aka sayar maka an sayar wa wasu kafin kai. Za a tambaye ka abu ɗaya ta fuska uku, a koma kansa bayan awa guda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da zarar an kama ka a wuri ɗaya, har gaskiyar da ka faɗa za a daina yarda da ita.

Ka san abin da ake nema tukuna. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira, wadda aka faɗaɗa da ƙarin yarjejeniyar 1967, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa, yana da tsoro mai tushe cewa za a tsananta masa saboda ɗaya daga dalilai biyar: launin fata ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasa ko al'ummar da ya fito, kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a, ko ra'ayinsa na siyasa. A Afirka, yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da wanda ya gudu saboda mamaya ko rikicin da ya dagula zaman lafiyar jama'a. Wato tambayar da ke zuciyar jami'in ita ce: me zai same ka idan ka koma, wa zai yi maka, saboda me, kuma me ya sa hukumomin ƙasarka ba za su kare ka ba. Mutane da yawa suna ɓata ganawar wajen ba da labarin wahalar hanya, hamada da teku da masu fasa-ƙwauri, su bar ainihin dalilin fitowa a minti biyar na ƙarshe.

Maganar ranaku kuwa, mantuwa bayan tashin hankali abu ne sananne, likitoci sun tabbatar da shi. Abin da ke kashe shari'a shi ne ka ƙirƙiri rana don kada ka yi shiru, gobe ka faɗi wata daban. Idan ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba, sannan ka jingina abin da wani lokacin da kake da tabbas a kansa: kafin haihuwar 'yarka, bayan zaɓe, cikin damina. Tun yanzu ka zauna da lauyanka ku jera abubuwan bi da bi. Ka nemi kwafin duk bayanin da ka bayar ranar da ka iso, domin da shi za a gwada na yanzu. Idan akwai kuskure a ciki, kai ka fara faɗa kafin a tambaye ka.

Idan akwai tabo a jikinka daga duka ko azabtarwa, ka gaya wa lauya da wuri. Akwai ƙa'idar binciken likita da ake kira Ƙa'idar Istanbul (Istanbul Protocol), wadda da ita likita ke rubuta yadda tabon ya dace da bayaninka, kuma samun irin wannan rahoto na ɗaukar lokaci. Idan ba ka fahimtar tafinta, ko karin harshensa ba naka ba ne, ka faɗa nan take a rubuta. Ƙorafin da aka yi bayan an ƙi ka ba ya da nauyi. Mace tana iya neman jami'a mace da tafinta mace.

Sai abu biyu na wa'adi. Duk lokacin da ka canza gida, ka sanar da hukuma da lauyanka a rubuce a makon. Wasiƙar hukunci tana zuwa adireshin da ke fayil, kuma kwanakin ɗaukaka ƙara suna tafiya ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba. A Birtaniya kwana 14 ne ga wanda ke cikin ƙasar. A Jamus mako biyu ne, idan kuma aka ce buƙatar ba ta da tushe ƙarara, mako ɗaya. Wanda kuma bai shigar da buƙatarsa ba tukuna, kada ya yi jinkiri: a Amurka doka ta ba da shekara ɗaya daga ranar isowa, a wasu ƙasashen kuma jinkirin kansa ana ɗaukarsa alamar cewa tsoron ba na gaske ba ne.

Tambaya: Wani ya ce yana da hanya a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, idan muka biya zai sa sunanmu a jerin waɗanda za a kai ƙasar waje. Gaskiya ne?
Daga wani magidanci a sansani

Amsa: Malam, damfara ce. Duk ayyukan hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, kyauta ne, daga rajista har sake tsugunarwa. Ba a kuma neman sake tsugunarwa kamar yadda ake neman biza. Hukumar ce ke zaɓo waɗanda suka fi shiga haɗari, irin su waɗanda aka azabtar, mata da yara da ke cikin barazana, da masu ciwon da ba a iya maganinsa a inda suke, sannan ƙasar da za ta karɓa ita ke da maganar ƙarshe. Waɗanda ake sake tsugunarwa a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya ba. Kada ka ba shi kuɗi, kada ka ba shi lambar fayilinka, kuma ka kai rahotonsa ta akwatin ƙorafi ko layin hukumar. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbata bayanan rajistarka daidai suke, an rubuta kowace haihuwa da aure da rasuwa, kuma lambar wayar da ke fayil tana aiki.

Tambaya: Alhamdu lillahi an amince da ni. Mijina da yarana biyu suna ƙasar da muka fara fakewa. Ina so in huta in samu aiki tukuna kafin in fara maganar kawo su. Kuma fasfona ya ƙare, zan iya zuwa ofishin jakadancin ƙasarmu in sabunta?
Daga wata uwa

Amsa: 'Yar'uwa, muna taya ki murna, amma duka biyun muna roƙon ki ki dakata ki saurara.

Na farko, kada ki jira. Ƙasashe da dama suna sassauta wa ɗan gudun hijira sharuɗɗan haɗa iyali na ɗan lokaci kaɗan bayan an amince da shi. A Jamus, wanda ya shigar da sanarwar neman haɗa iyali cikin wata uku ba a neman ya nuna yana da isasshen albashi da gida mai faɗi. Wanda ya wuce wata ukun ana iya neman ya nuna, abin da sabon zuwa kan yi shekaru bai kai ba. A Amurka wa'adin neman miji ko mata da 'ya'ya shekara biyu ne. A Kanada wanda aka sake tsugunar yana da shekara ɗaya, da sharaɗin ya ambaci mutanen a takardunsa tun farko. Wannan sharaɗin ya raba iyalai da yawa: mutum ya ɓoye mata ko ɗa saboda an ce masa marar iyali ya fi saurin tafiya, daga baya ya rasa hanyar kawo su. Ki kuma duba shekarun yaranki. Wanda ya kusa cika 18 shi ne abin gaggawa, domin a wurare da yawa daga ranar ba a ƙidaya shi yaro.

Ki fara tara shaida yau: takardar aure, takardun haihuwa, katin rajistar sansani da ke ɗauke da sunayenku tare, hotuna, da shaidar kiran waya ko aika kuɗi. A fassara su a wurin mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Ki duba yadda aka rubuta sunaye, domin harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin takarda da takarda kan tsayar da fayil wata da watanni. Idan akwai bambanci, a rubuta bayaninsa a haɗa tun farko. Inda babu takardu, wasu ƙasashen suna karɓar gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na tabbatar da dangantaka. Wanda kuma bai san inda nasa suke ba, ƙungiyar Red Cross da Red Crescent suna da sashen neman 'yan'uwan da suka ɓace, kyauta.

Na biyu, kada ki taka ofishin jakadancin ƙasarku. An ba ki mafaka ne a kan cewa ba za ki iya neman kariyar ƙasar ba. Sashe na ɗaya na yarjejeniyar 1951 ya ce matsayin yana iya faɗuwa idan mutum da kansa ya koma ƙarƙashin kariyar ƙasarsa, kuma karɓar sabon fasfo ko kai ziyara gida ana iya fassara shi haka. Abin da za ki nema shi ne takardar tafiya ta 'yan gudun hijira, wadda sashe na 28 ya tanada, daga ƙasar da ta ba ki mafaka. Da ita za ki iya zuwa wasu ƙasashe, ban da taku. Ko da rasuwa aka yi a gida, ki ga lauya kafin ki sayi tikiti.

Tambaya: Mutumin da nake taimakawa ya samu takardarsa, sai ga wasiƙa cewa dole ya bar masaukin masu neman mafaka. Ba shi da aiki, ba shi da asusun banki. Yaya aka yi labari mai daɗi ya zama haka?
Daga wani ɗan sa-kai

Amsa: Malam, wannan gaɓar ita ce mafi haɗari a tafiyar gaba ɗaya, kuma mutane kaɗan ne ke shirya mata. Tallafin mai neman mafaka daban yake da na sauran mazauna ƙasa. Ranar da aka amince da mutum, na farkon ya fara ƙirga kwanakin tsayawa, na biyun kuma ba ya farawa da kansa sai an nema. A Birtaniya a shekarun baya an daɗe ana ba da kwana 28 kacal a tsakani, alhali buɗe asusu da neman tallafi da samun ɗakin haya kan ɗauki fiye da haka. A wannan ramin ne mutane ke faɗawa kwanan titi da takardar zama a aljihu.

Matsalar sarƙa ce: banki na son shaidar adireshi, mai gidan haya na son shaidar kuɗin shiga da kuɗin ajiya, mai ba da aiki na son asusun banki. Ana tsinka ta ne ta wurin da ya fi laushi. Yau, tun yana masaukin, ka karɓar masa wasiƙar da ke tabbatar da yana zaune a can, da ita a buɗe asusu. A ranar kuma a shigar da neman tallafin gwamnati, ko da wasu takardun ba su iso ba, domin galibi daga ranar shigarwa ake lissafi. A kai wasiƙar tashin ga ofishin gidaje na ƙaramar hukuma a makon farko, kada a bari sai daren ƙarshe. Ka duba sabon katin da kyau, suna da ranar haihuwa, domin kuskure a nan zai bi shi kowane ofis. Idan an samu ɗaki, a karanta masa yarjejeniyar haya da tafinta, a ɗauki hoton ɗakin da na mitar wuta ranar shiga, a karɓi rasit na kowane kuɗi.

Ga sauran mutanen da ke hannunka kuwa, ka rubuta wannan shirin tun suna jira, shafi ɗaya na abin da za a yi idan an amince, shafi ɗaya na abin da za a yi idan an ƙi.

Tambaya: Tafinta na da wuyar samu. Laifi ne in yi amfani da ɗan matar da nake taimakawa, yaro mai shekara 12, tunda ya iya harshen?
Daga wani ma'aikacin jin daɗin jama'a

Amsa: Don nuna hanyar kasuwa ko faɗin lokacin zuwa, babu laifi. Don maganar lafiya, kuɗi, shari'a ko zaman aure, kada ka yi. Uwa ba za ta faɗi ciwon da ya shafi al'aurarta ko dukan da ake yi mata ta bakin ɗanta ba. Yaron kuma zai sassauta abin da ya ji ya yi nauyi, ko ya tsallake kalmar da bai sani ba, ga shi an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin shekarunsa. Miji ma bai dace ya fassara wa matarsa ba, haka maƙwabci. Ko tafintan da aka horar, ka tambayi matar a keɓe ko ta yarda da shi, domin a ƙaramar al'umma yana iya zama daga ɓangaren da ta gudo dominsa. Tafinta ta waya daga wani gari sau da yawa ya fi kwantar da hankali.

Ka ware ninki biyu na lokacin da ka saba. Ka kalli matar kana magana, ka yi gajerun jimloli, ka ce wa tafinta ya faɗi komai yadda aka faɗa ba taƙaitawa. A ƙarshe kada ka ce "kin gane?", kowa zai ce e. Ka ce ta maimaita maka abin da za ta yi gobe.

Tunda maganar sirri ta taso: tun zaman farko ka gaya mata abin da za ka riƙe da abin da ba za ka iya riƙewa ba, wato idan ran wani ko lafiyar yaro na cikin haɗari. Kafin ka tura bayaninta wani ofis, ka nemi izininta a kan wannan ofishin da wannan bayanin, izinin jumla ɗaya na komai da komai bai wadatar ba. Kada kuma fayil ya riƙa yawo a rukunin WhatsApp na ma'aikata.

Tambaya: Ni malamin jinya ne a ƙasata, takarduna sun ƙone. Shi ke nan na koma farko?
Daga wani ɗan gudun hijira

Amsa: A'a, Malam. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997 ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su samar da hanyar tantance ilimin ɗan gudun hijira ko da babu takardu, kuma Majalisar Ƙasashen Turai (Council of Europe) ta fito da fasfon shaidar karatu na 'yan gudun hijira a 2017, wanda ake bayarwa bayan cike bayanai da ganawa da masana. Sai dai aikin jinya sana'a ce mai lasisi, dole ka bi ta hukumar masu jinya ta ƙasar, kuma kusan ko'ina jarrabawar harshe ce babban shinge. Ka tara duk abin da ya rage, hoton shaida a waya, katin aiki, lambar rajista, sunayen darussan da ka yi. Ka nemi aikin mataimaki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, ya fi maka kowane aiki daban, domin a nan za ka ji harshen sana'ar kullum. Ajin harshe kuma kada ka sake shi saboda aikin dare. A Jamus kwas ɗin shiga cikin jama'a awa 600 ne na harshe da 100 na sanin ƙasa, kuma wanda ya yanke a tsakiya yakan sha wuyar komawa.

Tambaya: Fayil 60 ne a hannuna, wasu sun shekara biyu. Ina jin nauyin rufewa, kamar na yasar da mutane. Yaushe ya dace a rufe?
Daga wata jami'a mai kula da iyalai

Amsa: Hajiya, 60 ya yi yawa, kuma wannan magana ce da ya kamata ki kai wa shugabanninki a rubuce. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin agaji suka amince da su sun sa kimanin yara 25 ga jami'i ɗaya a aikin kare yara, a aikin waɗanda aka ci zarafinsu kuma 15 zuwa 20. Wanda ya riƙe ninkin haka, mai yawan kiran waya ne zai cinye lokacinsa, marar lafiyar da ya yi shiru a ɗaki kuma a manta da shi.

Ki raba fayilolin uku. Masu haɗari a gan su kowane mako, matsakaita sau ɗaya ko biyu a wata, masu sauƙi a kira su duk bayan wata uku. Sannan ki auna kowane iyali da abin da suke iya yi ba tare da ke ba: za su iya kama layin likita da kansu, sun san abin da za su yi idan wasiƙar hukuma ta zo, suna biyan haya wata uku a jere, yara na zuwa makaranta, akwai mutum biyu a garin da za su kira cikin dare waɗanda ba ma'aikata ba ne. Idan amsar e ce, aikinki ya yi. Idan har yanzu ke ke cike musu kowane fom bayan shekara biyu, a sauya salo: karo na farko ki yi suna kallo, na biyu ku yi tare, na uku su yi kina gefe.

Ba a rufe fayil ba zato. Ki sanar da su wata guda kafin lokaci, ku zauna ku bi tsarin layi-layi, a ga abin da aka gama da abin da aka miƙa wa wani ofis. Miƙawar ma ki kira ofishin ki tabbata sun karɓa, ba ki ba da lambar waya kawai ba. Ki mayar musu da takardunsu na asali, ki ba su shafi ɗaya mai ɗauke da ranar sabunta izinin zama, ranar da za su cancanci neman zama na dindindin, da lambar da za su kira idan abu ya rikice. Wanda ya daina amsa waya kuwa, kada a rufe nasa sai an gwada sau uku ta hanyoyi daban-daban, a rubuta ranar kowane gwaji, kuma idan akwai yaro ko marar lafiya a gidan, a je a ƙwanƙwasa ƙofa.